Sunan da Ba a Kira

Mata biyu na zalunta da alƙalami ɗaya. Ta farko a cikin littafi take, ba ta da bakin kai ƙarata ko'ina. Ta biyun Goggona ce, yayar mahaifina, wadda ta goya ni tun ban san damana da haguna ba. Kowacce a cikinsu na zana taswirar jama'arta na bar ta a waje, kuma sau biyu ana yi mini nuni tun da sauran gyara ina toshe kunne. Ina ba da labarin ne don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, musamman ɗalibanmu da suka soma auna adabi da kwamfuta.

Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a gaɓar Nilul Azrak, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Duk wanda ya tashi a nan ya san yadda muka zo. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka yada zango a bakin kogin nan wajen 1906, garin ya ci sunansa. Wasu kuma daga baya suka biyo, a ƙafa da kan jakuna, da niyyar Makka. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka shiga neman hannu, sai mahajjata suka tsaya tara guzuri, guzurin da a wasu gidajen har zuwan jikoki bai cika ba. Kakannina cikin waɗannan suke. Rabin gidanmu suna aikin hawasha, gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, wato magudanar ruwa, rabin kuma masunta ne. Na buɗi ido na ga kakana zaune a rakuba, wato rumfa, da la'asar yana gyaran taru, yana bin ƙulli ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, don ya san ƙulli guda in ya kwance, kamun dare ɗaya ta nan zai fice.

Hausa muke yi a gida, Larabci a makaranta. Bokon Hausa kuwa sai da na je karatu Khartum na koye shi, ina saurayi. A can na ci karo da littafin Farfesa Al-Amin Abu-Manga, ɗan garin Mai Wurno, na 1999, a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, na ga ashe maganar da muke yi a tsakar gida abin nazari ce. Daga nan na shiga neman littattafan Hausa ido rufe. Wani abokina Bakano da ya zo karatu ya ba ni aron Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933.

Ga wanda bai karanta ba: wani malami ne mai suna Umar a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari da bakinsa. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Makircin 'yan fada ya sa aka kori Makau, ya je ya zauna a Makarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi miji, ta bar yaron amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Uwar kuma ta bazama nemansa, aka yaudare ta a Kano, aka ƙetara hamada da ita a matsayin baiwa. Sun sadu daga ƙarshe, amma ba ta jima ba ta cika. Ga wanda kakanninsa suka ratsa ƙasashe da ƙafa, labari irin wannan a gida yake.

A 2018 wani malaminmu ya nuna mana wata hanyar nazari da ta tafi da hankalina. Ni dai taru nake kiranta, don ban ga abin da ya fi kama da ita ba. Kowane mutum a cikin labari ƙulli ne. Duk biyun da suka yi hulɗa sai a ja zare tsakaninsu, in hulɗar ta yawaita zaren ya yi kauri. In an gama sai a tambayi tarun: wane ƙulli ya fi yawan zare? Wane ne gada, wanda in za a tashi daga wannan rukuni zuwa wancan dole a bi ta kansa? Wa za a zare tarun ya rabe biyu? Masana zamantakewa ne suka fara abin. Jacob Moreno ya buga littafinsa mai zane-zanen hulɗar mutane a Amurka a 1934, shekarar da Shaihu Umar ya fito. Daga baya masu lissafi suka juyo kan adabi. Donald Knuth a 1993 ya jera mutum 77 na Les Misérables, littafin Victor Hugo na Faransa, yana haɗa duk waɗanda suka gamu a babi ɗaya. Franco Moretti a 2011 ya zana Hamlet na Shakespeare, ya nuna cewa in an cire Hamlet tarun kusan rabewa yake yi, kuma Horatio, wanda mai karatu ke ɗauka ɗan rakiya ne, shi ke riƙe da mutanen gefe. A 2016 Andrew Beveridge da Jie Shan suka sa kwamfuta ta bi ɗaya daga cikin littattafan da aka yi Game of Thrones da su, duk sunaye biyu da suka zo a tsakanin kalma 15 sai ta ja musu zare.

Wannan ta ƙarshen na ɗauka, don ta fi sauƙi. Na zauna na buga Shaihu Umar kaf a kwamfuta, na fitar da jerin sunayen da ke ciki, na sa ta ƙirga, na zuba sakamakon a Gephi, manhajar da ke zana tarun. Abu ɗaya na lura da shi tun farko: Umar da bakinsa yake magana, "ni" yake cewa, saboda haka sunansa ba ya yawan fitowa. Na bi na gyara wannan da hannu. A nan laifina ya soma. Na tsaya na yi wa gwarzon labari gyara domin sunansa na kan bangon littafi, amma ban tambayi kaina ko akwai wani da shi ma ba a kiran sunansa ba.

Taswira ta fito gwanin sha'awa. Umar a tsakiya, Makau babban ƙulli a gefe ɗaya, Abdulkarim a ɗaya gefen, sauran suna kewaye. Uwar Umar ba ta fito ba ko alama, don ba ta cikin jerina. Kada wani ya yi mini uzurin cewa ban lura ba. Na lura. Sai na rubuta jimla biyu a ƙasa cewa ita sanadi ce kawai da marubuci ya kafa don labari ya motsa, littafin kuwa na maza ne masu miƙa yaro daga fada zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa makaranta. Na ɗauki giɓin da ke cikin aikina na mai da shi hujja.

Ranar da na gabatar da aikin, wani dattijon malami da ya daɗe yana karantar da adabi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau a ido. Amma ina uwar yaron?"

Na ce, "Ustaz, lissafi bai nuna ta ba."

Ya ce, "Shi ne bai nuna ta ba, ko kuwa kai ne ba ka nuna masa ita ba?"

Na ba shi amsa mai tsawo a kan yadda manhajar take aiki, a raina ina ganin tsoho ne zamani ya wuce shi. Bai ƙara magana ba. Na ci maki mai kyau, makin kuma ya ƙara mini taurin kai.

Da zanga-zangar Disambar 2018 ta tashi aka rufe jami'o'i, na dawo gida na zauna. Zaman ne ya kawo mini tunanin in yi wa danginmu abin da na yi wa littafi. Kullum bayan magariba sai in zauna da maza a ƙofar masallaci, in tambayi kowa: wa ya haife ka, gidan wa ka yi aure, da wa kuke tarayyar kwalekwale, wa ke ba ka rancen iri, wa kake sauka wurinsa in ka je birnin Madani? Duk sunan da aka ambata in rubuta. Ban shiga cikin gida ba ko sau ɗaya. Maza suka ba ni sunayen maza. In zance ya biyo ta kan mata sai ka ji "mai ɗakina", "tsohuwa", "uwar yara", "Hajiya", ni kuwa alƙalamina ba ya motsi sai ya ji sunan yanka.

Ranar Babbar Sallah ta 2019, cikin damina, na haɗa manyan takardu huɗu na kafe a bangon zaure. 'Yan'uwa sun zo daga Madani da Sinja da Damazin da Gadarif, kowa yana neman sunansa yana murna, ana sa mini albarka. Can sai ga Goggo ta fito, tana dogara sanda. Ba ta karatu, don haka ta kamo hannun wani jikan gidan ɗan firamare ta ce, "Nuna mini inda nake." Yaron ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, mene ne sunan Goggo?"

Zauren ya yi tsit. Ban sani ba.

Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, don haka mahaifinta bai taɓa furta shi ba, kowa a gidan ya bi sahu. Ƙannenta Yaya suke ce mata, mu Goggo, mutanen gari kuma Hajiya, don ita ce ta farko a zuriyarmu da ta ƙarasa tafiyar da kakanni suka faro, ta hau jirgin ruwa a Sawakin ta sauke farali. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, balle a ce mata uwar wane. Ga shi ita ce ungozomar unguwa, rabin waɗanda ke tsaye a zauren nan ita ta yanke musu cibi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da tambayoyina suka taɓo.

Ta dube ni ta ce, "Bar shi, Babana. Allah Ya san da zamana." Ta juya ta koma ciki.

Babana take ce mini, domin sunan mahaifinta nake ɗauke da shi. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Abin da na kasa gani a littafi, kullum safiya yana shiga kunnena.

Da a nan take na durƙusa na ba ta haƙuri, da abin ya zo da sauƙi. Ban yi ba. Na tsaya a gaban jama'a ina bayani cewa ba raini ba ne, tsarin ne ba ya ɗaukar wanda ba a ambaci sunansa ba, irin amsar da na ba dattijon malamin nan. Da dare mahaifina ya cire takardar daga bango, ya naɗe ta ya ajiye a ƙofar ɗakina, bai ce mini uffan ba. Na yi wata takwas ina gaishe da Goggo safe da yamma, tana amsawa da fara'a, ni kuma ina lallashin kaina cewa ta manta.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, in akwai mutanen da ya kamata su san zafin a yi ƙidaya a tsallake su, to mu ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa shi ko iyayensa maza suna ƙasar nan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen da suka tsinci audugar Jazira shekara da shekaru, suka haƙa tur'o'inta, suka binne iyayensu a ƙasarta, suka wayi gari sunansu Fallata, baƙi. Mazauna kanabi, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki, har yau suna fafutukar a san da zamansu. Na girma ina jin dattawa suna kukan an buɗe rajista an bar su a waje. Ranar da alƙalami ya shigo hannuna, abin da na yi wa jinina ke nan.

Zaman korona na 2020 ya sake tsare ni a gida. Wata rana da dare Goggo ta gan ni da littafi ta ce, "Babana, wane littafi ne wannan da ya raba ka da mutane?" Na ce labari ne da Hausa, wani mutumin Bauci ya rubuta, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Ta ce in karanta mata. Muka shiga yi kullum bayan isha'i, tana kishingiɗe a angarib, wato gadon igiya, jabanar kofi tana kan garwashi, ina karantawa ina sauya mata kalmomin da mu a nan muka daina amfani da su.

Da na kai inda uwar ta tafi Fatika ta bar yaron, Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Kaico! Ba a rabuwa da yaro in tashi ya gabato." Da labari ya bi Umar, ina ta zuba karatu ina jin daɗin yadda Allah ke tsare shi, sai ta katse ni: "To, uwar fa?" Washegari ma haka: "Uwar fa, Babana? Ta ji labari?" Tambayar dattijon malamin nan ce sak, daga bakin matar da ba ta taɓa shiga aji ba. Daren da muka kai inda suka sadu, uwar kuma ta cika, Goggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Wannan littafin nata ne. Shi ɗaukarsa aka yi ta yi. Ita ce ta taka."

Daga nan ta ba ni labarin kakarta, wadda ta ci sunanta. Ayarinsu ya biyo ta Barno da Wadai da Darfur, a wani zango a Kurdufan ɗanta ya kwanta ciwo, maza suka ce ba za a tsaya ba, aka bar shi amana a gidan wasu Hausawa da suka riga su zama. Bayan an kai bakin kogi an yi kaka ɗaya, matar nan ta ɗaura ɗamara ta koma ita kaɗai, ta bi ayarin fatake, ta ɗauko ɗanta. Yaron nan shi ne kakana mai gyaran taru. Zumuncin da ke tsakaninmu da wancan gida, wanda har aure uku ya fito daga cikinsa, daga sawun ƙafarta ya tsiro. Ba namijin da ya gaya mini wannan a ƙofar masallaci, don labarin na wadda ba a kiran sunanta ne.

A daren na sauko daga kujera na durƙusa. Na ce, "Goggo, na yi miki laifi ranar Sallah, na kuma ƙara da girman kai. Ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun ranar. Amma ka koma ka gyara, don ba ni kaɗai ka bari ba."

Da littafin na fara. Na ajiye kwamfuta na ɗauki fensir, na bi shafi-shafi ina yi wa kowane wurin da aka ambaci matar alama, ko da wace kalma aka ambace ta, har da inda ba a ce komai ba sai "ta". Da na sake zana tarun sai ga ta ta zama gada mafi girma bayan ɗanta. Makau ba kowan Umar ba ne sai ta dalilinta. Fatika da mutanenta ta kanta suka shigo labari. Ado da ya yaudare ta, da iyayen gijin da ta faɗa hannunsu a hanyar Murzuk, duk zarensu a jikinta yake. Na gwada abin da Moretti ya yi wa Hamlet, na zare ta, tarun ya tsage.

Akwai kuma abin da ko gyaran suna bai warware ba. Awon kalma 15 kusanci a kan takarda yake aunawa. To amma mutum biyun da suka fi kowa shaƙuwa a littafin nan su ne suka fi kowa nisa da juna, kusan daga farko har ƙarshe. Rabuwarsu ita ce labarin. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma matar nan ta auna tata zumuntar da sawu tun daga Fatika har bayan hamada, ni kuwa na kawo ma'aunin da ba ya ganin komai sai waɗanda ke zaune kan tabarma ɗaya. Zaren kansa ma launi ɗaya ne. Da wanda ya cuce ka da wanda ya rene ka, iri ɗaya kwamfuta ke ja muku. Abdulkarim ma, wanda ya sami Umar a cikin bayi ya mai da shi ɗa, wane irin zare ne zai ɗauki nauyin wannan? Dole mai nazari ya koma ya karanta.

Ban yar da hanyar ba, har gobe ina aiki da ita, kuma da na gyara ta ta nuna mini matsayin matar nan ƙarara fiye da yadda zan iya faɗa da baki. Sai dai an ƙera ta ne a inda ɗa ke rubuta sunan uwarsa, mata ke kiran mijinta da sunan yanka. Mu kuwa mutanen alkunya ne. Mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran ɗan fari, ɗa ba ya kiran iyaye, suruki ba ya kiran surukai, mai sunan kaka kuma sai dai a sakaya. A zancen Bahaushe, gwargwadon nauyin mutum gwargwadon ɓuyan sunansa. Wanda ya ƙirga sunaye kaɗai, yara da barori da baƙi zai tara a tsakiyar tarunsa, masu gida su zube ta ƙasa. Ga kuma matsala ta biyu da ke jiran duk wanda zai taɓa littattafan Kano irin su Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu: kalma ɗaya, Alhaji ko Hajiya ko Malam, tana iya zama ta mutum uku, kwamfuta kuwa sai ta dunƙule su wuri guda. Ko a adabin Larabcin Sudan haka ne. Mai ba da labari a Mausimul Hijra ilash Shimal na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966, ba shi da suna daga farko har ƙarshe. Ƙirga sunaye, Mustafa Sa'id zai cika takarda, wanda ya ɗauko labarin kuma ya ɓace.

Abin kunyar shi ne maganin yana cikin karatun da na yi tun ina yaro. Malaman hadisi sun riga kowa bin diddigin wa ya ji daga wa, wa ya sadu da wa, kuma sun san wannan rami. Sun ware babi guda na mubhamai, wato mutanen da ruwaya ta ce "wani mutum" ko "wata mata" ba ta faɗi suna ba, da wani babin na alkunya da laƙabi. Al-Khaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, littafi sukutum ya rubuta don gano waɗannan da aka sakaya. Ba su yarda a ce tun da ba a faɗi suna ba to babu mutum. Na haddace wannan don jarrabawa, ban tuna da shi ba ranar da na buƙace shi.

Taswirar dangi kuwa a tsakar gida na sake ta, ina zaune a ƙasa gaban Goggo da ƙawayenta, da tambayoyin da su suka koya mini: wa ya sha nonon wa, wa aka ba riƙon wa, wa ta yi wa wa wankan jego, tsakanin wace da wace ake biki. Na zaci aikin tarihi nake yi. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ya ci Madani a Disambar shekarar, 'yan'uwa suka kwararo mana da abin da hannu ya iya ɗauka. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke. Gidanmu ya cika ya tumbatsa, dole a rarraba mutane, kuma daga kan angarib ɗinta Goggo ta yi rabon. "Waɗannan ku kai su gidan wance a Gadarif, ni na riƙe ta har na aurar." "Wane ya sha nonon ƙanwata, ba zai rufe muku ƙofa ba." Duk inda ta tura mutum, an buɗe masa. A ƙarshen Yunin 2024 yaƙi ya iso Sinja, mu ma muka tashi, muka sauka a Gadarif a gidan matar nan da ta riƙa. A can Goggo ta rasu cikin daminar, a hannun 'yar riƙonta. Ranar ne mahaifina ya ja ni gefe ya faɗa mini sunanta a hankali, don a rubuta a takarda.

Ɗalibai 'yan'uwana, na Khartum da na Kano da na Maraɗi, kafin ku miƙa wa kwamfuta jerin sunaye, ku karanta littafin da baki a gaban wata tsohuwa, ku rubuta duk wanda ta tambaya. Mutanenmu na Jazira da Nilul Azrak da yaƙi ya warwatsa kuma, duk wanda ke da irin Goggo a raye ya zauna gabanta da takarda tun yau.

Sabuwar taswirar tana cikin jakar da na fito da ita daga gida. Ƙullin da ke tsakiyarta ya fi kowane yawan zare, kuma abin da na rubuta a kansa shi ne Goggo, kamar yadda muke kiranta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.